Zafin Makka da Batun Sanyaya Masaukan Alhazai a Aziziyya

A aikin Hajjin shekarar 2024, zafi ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, hukumomin Saudiyya kuma suka tabbatar da rasuwar mutane 1,301, akasarinsu waɗanda ba su da takardar izinin Hajji, saboda haka ba su da matsuguni mai sanyi. Wannan ya sake jawo hankali ga unguwar Aziziyya, wadda ke tsakanin Harami da Mina, inda ɗimbin alhazai ke sauka a dogayen benaye.

Injiniyoyi dai kan dogara ne ga wani jadawali mai haɗa zafin iska da laimarta, wanda Ba'amurken nan Willis Carrier ya bayyana ƙa'idojinsa a 1911. Daga bisani, a 1969, Baruch Givoni ya shata masa yankuna, kowanne da dabarar da ta dace da shi: katanga mai kauri, ko kaɗawar iska, ko tururin ruwa, ko kuma na'urar sanyaya ɗaki.

Idan aka ɗora yanayin Makka a kan jadawalin, abu biyu ke fitowa. Da rana iskar busasshiya ce, don haka tururin ruwa kan rage zafi, kamar yadda randa ke sanyaya ruwa. Irin wannan na'ura aka girka a tantunan Mina bayan gobarar 1997. To sai dai a ɗakin da ke cike da jama'a, numfashi da gumi na ƙara laima, amfanin na'urar kuma ya ragu. Kazalika ruwan da take sha, galibi daga teku ake tace shi a Shu'aiba.

Abu na biyu shi ne, a watannin zafi daren Makka kan tsaya kusa da digiri 30. Ke nan katanga mai kauri irin ta gidajen ƙasa na Kano da Damagaram, wadda ke dogara ga sanyin dare, ba ta wadatarwa ita kaɗai.

Na'urar lantarki ta zama dole ke nan, amma inuwa, da farin fenti, da rage gilasai na sauƙaƙa mata nauyi. Lokacin Hajji na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, yana kewayowa cikin shekaru 33, benen da aka gina yau kuwa zai sake riskar Hajjin tsakiyar zafi.