A Bar Wa Ɗalibai Kujerar Taronsu

A shekarar 1969 wani masani mai suna Abner Cohen ya fitar da littafi a kan Hausawan Sabo ta Badun, bayan ya yi nazarin fataucinsu na shanu da goro, da yadda masu gida da dillalai suke riƙe amanar baƙi. Har yau ana karanta littafin nan a jami'o'i. Labarin na mutanen Sabo ne, amma da bakin baƙo duniya ta ji shi. Wannan kuwa ba laifinsa ba ne, domin a zamanin ’ya’yan unguwar da suka kai jami'a ba su taka kara sun karya ba.

Yanzu wannan uzuri ya ƙare. Jikokin fataken nan suna karatu a Badun da Ikko da Ife da Fatakwal. Sai dai shiga jami'a daban, iya tsayawa gaban masana a kare magana da hujja daban. Inda ake koyon na biyun shi ne taron ƙara wa juna ilmi da ɗalibai suke shiryawa da kansu. Abin ba sabo ba ne a Kudu: tun 1960 ɗaliban likitanci na Badun suka fara buga mujallarsu mai suna Dokita, su ne masu tace ta.

Ɗalibin da aka ba minti goma sha biyar ya gabatar da takarda yakan gane cewa aikin wata uku ba ya shiga cikinsu sai an zubar da ƙaiƙayi. Tilas ya zaɓi magana guda, ya kawo shaidarta, sa'an nan ya tsaya a yi masa tambayoyi. A nan ne zai koyi cewa amsa “ban bincika wannan ba” ta fi kame-kame daraja.

Aikin shugaban zama ya fi wannan wuya, ko da yake mutane sun ɗauke shi zaman kujera kawai. Shi ne zai gabatar da mai magana a taƙaice, ya sa ido ga agogo, ya miƙa masa ’yar takarda in saura minti biyu. In lokaci ya cika ya tsayar da shi, ko da abokinsa ne na ɗaki ɗaya, domin duk mintin da ya ƙara na wani ne aka ci. In wani ya miƙe da sunan tambaya ya shiga lacca, ya dawo da shi hanya cikin ladabi. In zaure ya yi tsit, ya zamana yana da tambayarsa a shirye, don kada mai takarda ya sauka a kunyace. In kuwa babban malami ya tasam ma ɗan aji ɗaya da kaushin harshe, shi ne zai shiga tsakani.

To, a nan ne wasu ƙungiyoyin ɗaliban Arewa suke kuskure. Sai a ɗauki kujerar a ba wani attajiri ko mai sarauta saboda gudummawarsa. A jira shi sa'a biyu, a ci wata sa'ar wajen gaishe-gaishe da kirari, sa'an nan a ce wa yaron da ya kwana yana shiri ya taƙaita don magariba ta gabato. Wane ɗalibi ne zai iya ce wa uban taro lokaci ya wuce?

Girmama manya wajibi ne, kuma kuɗin zaure da na buga takardu daga aljihunsu yakan fito. Sarkin Hausawa da attajiran zango suna da wurinsu a sahun gaba, a buɗe taro da addu'arsu, a gode musu a bainar jama'a. Amma agogo da jerin masu magana su zauna a hannun ɗalibi. Iyaye kuma, waɗanda suke rufe rumfa domin biki ko suna, ba za su yi asara ba in sun rufe ta rabin yini ranar da ’yarsu za ta karanta takardarta a kan cinikin goro a Shagamu.