Kafin a Cike Fom, a Je a Duba Matakala



Duk shekara idan lokacin cike fom ɗin JAMB ya zo, akwai gidajen da ake maimaita magana ɗaya. Yaro ne mai basirar zane ko waƙa ko wasan kwaikwayo, amma a keken guragu yake, ko ba ya gani, ko ba ya ji. Sai a ce, "A kai shi ilimi na musamman." Shi kuwa yaron ba a tambaye shi ba. Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo ta yi wa ƙasar nan aiki babba tun 1977, sai dai ba kowane mai naƙasa ne zai zama malamin masu naƙasa ba. Yarinyar da tun firamare take zana fuskokin ƙannenta a bangon littafi tana da haƙƙin neman sashen zane-zane na Zariya, inda su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya suka kafa ƙungiyarsu a 1958. Mai son fim yana iya duba Jos, mai son wasan kwaikwayo yana iya duba Jami'ar Bayero.

To me ke tare hanya? Matakala ce, jama'a.

Darasin tarihi ana iya sauko da shi ƙasa idan an so. Aikin hannu kuwa yana inda kayan aikinsa suke. Wurin saƙa yana inda masaƙa take, wurin gina tukwane yana inda yumɓu yake, ɗakin ɗaukar sauti ba a ɗauko shi a ka. In waɗannan wurare a bene suke, ɗalibi zai zauna a gindin matakala da allon zanensa a cinya, yana jiran abokai huɗu su ɗaga shi da kekensa. Yau su ɗaga, gobe su ɗaga, jibi kowa na saurin shiga aji. Saurayi mai mutunci ba zai jure a riƙa ɗaukarsa kamar buhu shekara huɗu ba, sai ya fara fashin aji, daga nan a ce ba shi da ƙoƙari.

Laifin na masu zana gini ne da masu amincewa da ginin. Dokar hana wariya ga masu naƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara. Wa'adin ya cika a 2024. Har yanzu ana zuba matakala a sababbin gine-gine, kuma wasu gangaren da aka yi don keke sun yi tsaye ƙwarai, mai keke ba zai hau shi kaɗai ba.

Ga kuma makewayi, wanda kunya ke hana a ambata. Ƙofa ce ƙunƙuntacciya, keke ba ya shiga. Ɗaliba sai ta ƙi shan ruwa tun safe don kada buƙata ta kama ta, a zafin watan Afrilu. Wannan cuta ce, kuma a fili ya kamata a faɗe ta.

Akwai inda aka motsa. Tun 2017 JAMB ke shirya wa makafi jarrabawa ta daban, Jami'ar Ilorin kuma tana da cibiyar tallafa wa kurame. Abu mai yiwuwa ne ke nan.

Iyaye, kada sunan makaranta ya ishe ku. Ku ɗauki yaron ku je tare. Ku nemi a nuna muku ɗakin aikin da kansa, ku ga ko a ƙasa yake. Ku gwada keken a ƙofar ɗakin kwana da ta makewayi. In kurma ne, ku tambaya ko tafintan maganar hannu na shiga har ɗakin aiki. In makaho ne, ku tambayi yadda yake rubuta jarrabawa. Ku nemi ɗalibi mai irin lalurarsa, shi zai gaya muku gaskiya. Sai bayan nan ku cike fom.