Zubar ruwan batir ba ita ce ajalin kyamara ba

Daga Zebilla zuwa Bawku, da wuya ka shiga gidan tsohon mai ɗaukar hoto ba ka tarar da kyamara ajiye cikin akwati ba. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: “Batir ya zube, ta mutu.” Ni dai ban yarda ba. Sau da yawa ba ta mutu ba, tsatsa ce kawai ta hana wuta wucewa.

Batir ɗan yatsa iri biyu ne a kasuwanninmu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Wanda aka rubuta wa “alkaline”, idan ya zube yakan bar farin gari mai kama da gishiri. Garin nan ɗan’uwan ruwan tokar da iyayenmu mata ke dafa sabulu da shi ne, saboda haka tsami ne maganinsa. Ɗiga ruwan lemun tsami kaɗan a tsinken auduga, ka goge ƙarafunan da batir ke taɓawa. Amma batir mai arha, irin na tocila da rediyo, ruwansa shi kansa mai tsami ne; shi kuwa hodar soda ta masu burodi ake damawa da ɗan ruwa. Bayan haka sai ka share da sipirit, ka kankare tsatsar a hankali, ka bar ta ta bushe kwana guda. Sa safar hannu, kar ka taɓa ido, kuma cire katin hotuna tun farko, don abin da ke cikinsa ya fi kyamarar daraja.

To amma fa akwai iyaka. Kar ka kwance jikin kyamara. Ma’ajiyar wutar filas tana riƙe kusan bolt 300 ko da babu batir a ciki. In ruwan ya ratsa har can, aikin mai gyara ne. Haka batirin litiyam da ya kumbura: ba a huda shi, ba a jefa shi wuta.

Wani zai ce, ina ruwanmu, ga waya a hannun kowa? Gaskiya ne. Sai dai mai ɗaukar hoton biki da suna, ko na Damba a Yendi da Samanpiid a Bawku, kyamarar nan ita ce gonarsa. Kai ta Bolgatanga ko Tamale kuɗin mota ne da asarar yini, sabuwa kuma sidi nawa? Lemun tsami ɗaya fa?

Sannan duk abin da muka yar, yana nan tare da mu. A 2016 Ghana ta kafa doka mai lamba 917 kan sharar kayan lantarki, an kuma rushe Agbogbloshie a Accra a 2021, amma a nan arewa mataccen batir bola yake ƙarewa, inda yara ke wasa, awaki ke kiwo.

Rigakafi dai ya fi magani. Zafin Maris da Afrilu a yankinmu yakan haura digiri 40, kuma zafi na sa batir saurin zuba. In za ka ajiye kyamara fiye da mako biyu, cire batirin. Kar ka haɗa sabo da tsoho. Wanda kuma tasa ta riga ta yi fari a ciki, ya gwada tsinken auduga tukuna kafin ya yi mata jana’iza.