Mai Yawan Tambaya Ba Iyayi Yake Yi Ba

Mun kalli kashi na farko na Young Sheldon a wayar yayan wata ƙawarmu. Sheldon ɗan shekara 9 ne a Texas ta Amurka, aka kai shi sakandare saboda kaifin ƙwaƙwalwa. Ranar farko ya kama yi wa malamai gyara, har suka kai ƙararsa wajen shugaban makaranta. Mun sha dariya, kodayake ya yi rashin ladabi.

To a ajinmu nan Makera fa? Ɗalibi ya ɗaga hannu sau uku, sai mu ce iyayi ne. Akwai yarinyar da ta fi mu lissafi duka. Tun zangon da ya wuce ta daina magana saboda ihunmu. Malamai, don Allah ku riƙa kiranta gaban allo. Mu dai mun daina.