Kada Karatun Shekara Biyu Ya Tafi A Banza

'Yan'uwana mata, a Amurka akwai kwalejoji na shekara biyu masu sauƙin kuɗi, inda iyaye mata da dama kan fara karatu kafin su wuce jami'a. To, amma ba kowane darasi jami'a ke karɓa ba. Rahoton ofishin binciken ayyukan gwamnatin ƙasar na 2017 ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta sun yi asarar kashi 43 cikin 100 na darussan da suka riga suka ci. Ga goyo, ga girki, sannan a ce a maimaita!

Don haka duk wadda 'yarta ko ƙanwarta ke can, ta sa ta tuntuɓi jami'ar tun kafin rajista, a ba ta jerin darussan da za a karɓa, a rubuce.