Filin Direban Gida: Idan Tsohuwar Mota Ta Ƙi Tashi



Da yawa daga cikinmu, tsohuwar Peugeot 504 ce ke kai iyali asibiti da tsakar dare, sa'ad da babu makaniken da za a tasa. To, idan ka murɗa makulli, inji ya juya da ƙarfi amma ya ƙi kamawa, kada ka zargi batir. Sau da yawa mai ne bai iso ba, ko kuwa ya yi yawa.

Cire murfin matatar iska, ka sa a taka totur, ka leƙa cikin karbureta. In ka ga mai yana tsartuwa, ga wari, buji kuma a jiƙe, to ta sha ta ƙoshi: danne totur har ƙasa, ka riƙe shi nan, ka tayar. In a bushe take, zare tiyon da ke shiga karbureta, ka sa bakinsa cikin kwalba, a murɗa makulli. Bai ɓulɓulo ba? Fara duba matatar mai, wadda dattin man kwalba na bakin hanya kan toshe, kafin ka kai ga famfo, domin shi ne mai tsada. Da zafin bazara kuwa, mai kan zama tururi cikin tiyo, jiƙaƙƙen tsumma bisa famfo yakan wadatar, da yardar Allah.

Tsotsar tiyo da baki dai a bar ta, man yakan faɗa huhu.