Akwatin Kaka Ba Tarkace Ba Ne

'Yan uwa na Nima da Maamobi da sauran zangunan Ankara.

Kwanakin baya mun halarci rabon gado a wani tsohon gida. Aka fito da akwatin ƙarfe mai tsatsa, a ciki akwai lambobin yaƙi da takardar sallama daga aikin soja. Magada suka ce a ba masu sayen tarkace. Babu ko ɗaya cikinsu da ya san yaƙin da kakansu ya halarta. Wannan ne ya sa muka ɗauki alƙalami.

Gidajen soja suna cikin tushen zamanmu a ƙasar nan. A 1863 Kyaftin Glover ya kafa runduna a Ikko, yawancinta bayin da suka gudo daga iyayengijinsu, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Da su aka yaƙi Tonawa, wato Asante, a yaƙin Sagrenti na 1873 zuwa 1874. Daga cikinsu aka kafa rundunar Gold Coast a 1879. A yaƙin Yaa Asantewaa na 1900, suna cikin waɗanda aka yi wa ƙawanya a ganuwar Kumasi. Hausa ta daɗe tana zaman harshen bariki, har Bagurunshe da Bamoshe suka ɗauke ta. 'Ya'ya da jikoki suka gaji kakin, wasu har Bama a yaƙin duniya na biyu, inda Burma Camp ya samo sunansa.

Mun san abin da wasu malamanmu ke faɗa: mutanen nan Nasara suka yi wa aiki, da bindigoginsu aka ci garuruwan mutane, ina abin alfahari? Maganar tana da nauyi, ba mu musanta ta ba. Amma tarihi ba kirari ba ne. Ba mu ce a yabe su ba, cewa muka yi a san su. Wanda ya tsere wa ƙangin bauta ya faɗa bariki yana da labarin da ya kamata jikansa ya ji, da daɗinsa da ɗacinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Kuma mantuwa tana da tsada. A 1969, da gwamnatin Busia ta ba da dokar korar baƙi, an loda mutanen zango a manyan motoci, har da waɗanda a nan aka binne cibiyarsu. Har yau yaronmu kan je neman Ghana Card ko fasfo a tsare shi da tambayar asali. Wanda ya san kakansa ya ɗauki bindiga a ƙasar nan shekaru da dama kafin 'yancin 1957 ba ya amsa wannan tambaya da rawar murya.

Saboda haka muna roƙon kowane gida abu uku. A adana lambobi da takardu, a ɗauki hotonsu. A zauna da tsofaffi, musamman mata, a naɗi muryarsu da waya, a rubuta da boko ko ajami. Sannan ɗalibanmu su kai suna da lambar soja gidan adana takardun tarihi na PRAAD su bincika.

Akwatin nan dai mun roƙa an bar shi, yana hannun ƙaramar jika. Allah ya jiƙan magabata, ya yafe musu kura-kuransu, mu kuma ya sa mu cika da imani.